Filin Tambaya da Amsa: Wai wasa zai iya cire wa yaro ƙyamar ɗan'uwansa?

Jama'a assalamu alaikum. Tunda muka taɓo maganar nan a fitowar da ta wuce, cewa akwai mutanen da aikinsu kenan su zauna su tsara wasa dan ya sa mutum ya ji abin da wani ke ji, ya kuma rage yi wa jama'a kuɗin goro, saƙonni suka yi ta shigowa, wasu tambaya ce wasu kuma faɗa ne kawai aka yi mani. Na ɗauko biyar, na ɗan rage tsawon wasu saboda fili.

TAMBAYA: Salam Malam, ni malama ce a wata firamare ta gwamnati nan cikin birnin Katsina, aji biyar nike riƙewa. 'Yan shekarun nan an kawo mana yara da yawa waɗanda iyayensu suka baro ƙauyuka wajen Batsari da Jibiya saboda ɓarayin daji, wasu Hausawa wasu Fulani, to wallahi abin da ke damuna shi ne yadda ɗiyan gari ke masu, in an fita tara ba mai wasa da su, sai dai a ce masu 'yan gudun hijira, na Fulanin kuma har ɗiyan ɓarayi ake ce masu alhali su ma gudowa suka yi an kore masu shanu. Na yi faɗa na yi nasiha na kawo hadisi har bulala na sa amma da na juya baya shikenan. Shi ne nike tunanin in shirya wasan kwaikwayo in sa ɗiyan gari su fito a matsayin waɗanda aka kora daga gida, da ƙullin kaya a ka suna kuka, ko Allah zai sa su ji tausayi. Me ka gani?
Wata malama, Ƙofar Marusa

AMSA: Wa alaikumus salam Malama, Allah ya biya ki, dan ba kowane malami ba ne ma zai lura da yaron da aka bari shi kaɗai a gindin bishiya lokacin tara. Amma dan Allah wannan wasan kwaikwayon ki aje shi. Yaro ɗan shekara goma in kika ɗora mashi ƙullin tsumma a ka kika ce ya yi kukan ƙarya dariya zai yi, ajin ma dariya za su kwashe da ita, shi kuma wanda da gaske ya kwana a daji da uwarsa yana zaune a benci yana kallon ranar da ta fi kowace rana muni a rayuwarsa ta zama abin nishaɗi, kuma kafin a tashi an samo mashi sabon suna daga cikin wasan. Ko da ma a ce ya yi aiki, abin da zai haifar tausayi ne irin na mai miƙa sadaka, su kuwa yaran nan abin da suke so shi ne in ana raba tim a kira sunansu.

Tun 1954 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Gordon Allport, ya rubuta cewa tara mutanen da ba sa ga maciji a wuri ɗaya bai isa ya rage ƙiyayya ba, wani lokacin ma ƙara ta yake, sai an cika wasu sharuɗɗa: su haɗu a matsayi ɗaya ba wani a sama da wani, abu guda suke nema, abin kuma ba ya samuwa sai sun haɗa hannu, sannan mai iko a wurin, wato ke da hedimasta, ya nuna yana bayan abin. A 1954 ɗin dai wani mai suna Muzafer Sherif da abokan aikinsa suka kai yara maza 22 wani sansani a jihar Oklahoma, suka raba su gida biyu suka sa masu gasa da kyauta, cikin 'yan kwanaki yaran da ba su taɓa sanin juna ba suka fara zage-zage, har ƙona tutar juna da kai hari ɗakunan kwana. Aka ce to bari a haɗa su cin abinci tare, sai suka koma jifan juna da abincin. Abin da ya sassauto da su shi ne da aka toshe masu hanyar ruwan sha dole suka fita neman inda matsalar take tare, da kuma lokacin da motar da za ta kawo masu abinci ta ƙi tashi sai da dukansu suka kama igiya ɗaya suka ja. Daga baya a 1971 Elliot Aronson ya kai wannan tunani cikin aji a garin Austin na jihar Texas, lokacin an fara haɗa ɗiyan baƙar fata da farar fata da 'yan asalin Meziko a makaranta ɗaya ana ta rigima, ya yanka darasi gunduwa-gunduwa ya ba kowane yaro a rukuni gunduwa ɗaya, jarrabawa kuma a kan duka za a yi, to in ka ƙi sauraron yaron da kake rainawa kai za ka faɗi.

To ga abin da nike ba ki shawara, kuma ba sai kin kashe ko sisi ba. Wasa za ki shirya masu, ki sa mashi suna Ayari. Ki ja layi a filin makaranta ki yi zango kamar takwas ko goma, ki ce daga Katsina za a tashi a sauka Daura. Ki raba su biyar-biyar ko shida-shida, ke za ki rubuto sunayen tun daga gida ki zo ki karanta kawai, kar ki bari su zaɓi juna dan kin san yadda za ta ƙare, kowane ayari ya kasance akwai ɗan gari akwai baƙo amma ba sai kin faɗi dalili ba. Na san ajin gwamnati yawa gare shi, in sun yi yawa rabi su yi yau rabi gobe. Kowane zango akwai kati da tambaya ko wani aiki, ayari ba ya wucewa sai ya warware.

A wajen katunan nan dabarar take, sai ki zauna ki yi masu tunani sosai. Rabi su zama abin da ɗan birni ya sani, a lissafo ƙofofin Katsina biyar, ina hasumiyar Gobarau take, in ka ba mai Napep ɗari biyar ya ɗauki mutum biyu nawa ne canjinka. Rabin kuma abin da sai wanda ya tashi a ƙauye: ki zo da ganyen kalgo da na sabara da na aduwa a leda ki ce a bambance, ki aje zangarniyar gero da ta dawa da ta maiwa, kwana nawa kaza ke kwanci kafin ta ƙyanƙyashe, a ɗaure ƙafar benci da igiya irin dabaibayin da ake wa jaki, a ƙirga ɗaya zuwa biyar da Fulatanci. Ranar da ɗan gari ya tsaya yana juya ganyen sabara bai san ko na mene ne ba, ga wani ayarin yana shirin wuce su, da kanshi zai juya ya jawo rigar yaron nan da yake zagi yana cewa kai dan Allah faɗa mana mana, shi kuma ya ce go'o, ɗiɗi, tati, duk ayarin su yi tsalle.

Doka ukku kar ki yi sakaci da su. Kowane yaro ki ba shi tsakuwa biyu, duk wanda ya ba da amsa ya aje ɗaya, wanda tasa ta ƙare ba shi da bakin amsawa sai dai ya raɗa wa wanda ke da saura, wannan shi zai hana mai baki ɗaya ya cinye wasan. Maki na ayari ne gaba ɗaya, ba gwarzon aji ba na ɗaya. Sannan ba a fitar da kowa, dan wasan da ake cewa ka mutu ka fita kullum raunana ne ke fara fita su koma gindin bishiyar nan dai. Madugu kuma a riƙa canza shi duk zango.

In an gama kar ki tara su ki ce to kun ga darasin da muka koya, da kin faɗi haka kin ɓata, su dai a bar su a kan wasa suka yi. Ki maimaita duk mako, bayan wata ɗaya ki sake cakuɗa ayarin. Kafin ki fara ki tsaya daga nesa lokacin tara ki rubuta wa ke wasa da wa, bayan wata guda ki sake dubawa, wannan ya fi ki tambaye su kuna son juna su amsa maki da e Malama. Hukuncin mai zagi kuma yana nan, wasa bai ɗauke shi ba.

Wataƙila wani ya kawo maki labarin Jane Elliott, malamar da a 1968 a jihar Iowa ta raba ajinta da launin ido, yau ta fifita waɗannan gobe waɗancan dan su ɗanɗani wariya. Ya yi suna sosai, amma har yau ana sukar sa saboda abin da yake jefa yara ciki, ke kuma ajinki akwai waɗanda suka ga abin da ya fi haka da idonsu. Ki bar shi.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni ɗan Daura ne ina karanta kimiyyar kwamfuta, furojet ɗina na ƙarshe nike so in yi gem na waya a kan rayuwar almajiri, mai bugawa shi ne almajirin, akwai ma'aunin yunwa da na lafiya a saman sikirin, kullum zai zaɓa ko ya tafi bara ko wankin mota ko ya zauna karatu, in ya kai kwana talatin lafiya ya ci. Burina mutane su daina korar su kamar ba 'ya'yan mutane ba. Malamin da ke duba mani ya ce ba laifi amma ni dai ina jin akwai abin da ya rage, ga laftof ɗina tsohuwa ce.
Ɗalibi, Daura

AMSA: Ƙanena jikinka ya gaya maka gaskiya. An taɓa yin kusan irin naka sak. A 2011 wata ƙungiyar taimakon marasa galihu a garin Durham na Amurka ta fitar da wani gem a intanet mai suna Spent, ana ba ka dala 1,000 a ce ka kai ƙarshen wata, ka zaɓi aiki, ka zaɓi gidan haya, ɗanka ba lafiya ka zaɓa ko asibiti ko ka tafi aiki, mutane da yawa sun buga shi an yaba. Sai wasu masu bincike a jami'ar Yale, Gina Roussos da John Dovidio, suka gwada shi suka fitar da sakamako a 2016, abin mamaki bugawar ba ta gyara ra'ayin mutane a kan talaka yadda aka zata ba, dalili kuwa tunda kai ke zaɓa, kuma kana ganin zaɓinka na canza sakamako, sai ka tashi da tunanin ashe talauci ma zaɓi ne, wanda ya iya lissafi zai fita. Ka duba naka yanzu. Ɗan boko yana kwance kan katifa ya ƙoshi, ya gano cewa in ya yi wankin mota sau biyu bara sau ɗaya zai kai kwana talatin, sai ya aje waya ya ce ai ni na ci, su ma lalaci ne. Ka ga ka yi aikin baban giwa.

Ba wai sa mutum a matsayin wani ba ya aiki ba ne kwata-kwata. A ƙasar Hangari an gwada wani gem wanda rubutu ne zalla, kana bin labarin wani matashi ɗan ƙabilar Roma, waɗanda ake tsangwama sosai a can, ya shigo Budapest yana neman ɗaki da aiki, binciken da aka buga a 2018 ya nuna ƙyamar ta ragu a wajen waɗanda suka buga har bayan wata guda. Ka lura da abu biyu, mutum ɗaya ne da labarinsa ake bi, kuma ba zane mai tsada, kenan tsohuwar laftof ɗinka ba uzuri ba ce.

Ni da ni ne kai, kujerar mai bugawa zan canza. Akwai wani gem da Lucas Pope ya yi a 2013, Papers, Please, ba ɗan gudun hijirar kake bugawa ba, jami'in kan iyaka ne kai mai duba takardu, ana biyanka gwargwadon mutanen da ka sallama, in ka yi kuskure a ci ka tara, a gida ga iyali na jiran kuɗin haya da abinci da magani, sai ga mace takardarta ba ta cika ba tana roƙonka mijinta ya riga ya wuce. Nan za ka ga yadda tsari ke mai da mutumin kirki mai busasshiyar zuciya, kuma da hannunka ka buga hatimin. To ka sa mai bugawa ya zama malamin tsangaya da aka sauke wa yara sittin ba a haɗo da ko tiya ɗaya ta hatsi ba, ko uban da ke ƙauye damina ta ƙi ga baki goma a gida, ko ma matar gidan da almajiri ke yi wa aike, tuwon da ya rage kwano ɗaya ne ga ɗanta zai dawo daga islamiyya ga almajirin a zaure yana sallama. Wannan kujerar ita ce masu wayar suke kai da gaske.

Kuma kar ka mai da almajirin ma'aunin yunwa kawai. Yana da suna da garinsu, yana da aboki da suke faɗa a kan kwano, ya iya dafa tawada, ya san izu nawa ya haddace kuma yana alfahari da shi, yana tsokanar gardi in ya juya baya. Waɗannan ba za ka same su a ɗakinka ba, sai ka je tsangaya ka gaida malam ka nemi izini ka zauna, ka nemo waɗanda suka yi almajirci suka girma, da yawansu suna nan kasuwa da tasha, ka biya su lokacinsu su gyara maka labarin, in suka ce wannan ba haka yake ba ka goge. Haka aka yi Never Alone a 2014, 'yan asalin Alaska su suka nemi a yi, dattawan ƙabilar Inupiat ta can da masu ba da tatsuniyarsu suka zauna da masu haɗa gem ɗin, da harshensu ma ake ba da labarin.

Wani abu kuma, kar ka cika wa'azi. A kwalejin Dartmouth akwai wata farfesa Mary Flanagan da ke da ɗakin binciken wasanni mai suna Tiltfactor, ita da Geoff Kaufman sun yi wani wasan kati na yara, Awkward Moment, ana jawo katin wani yanayi na jin kunya kowa ya kawo yadda zai yi, wasu katunan a kan raina mata ne a fannin kimiyya wasu kuma shirme ne kawai na ban dariya. Da suka gwada sai suka ga wanda katunan saƙon ba su kai rabi ba ya fi tasiri a kan wanda aka cika shi da su. Mutum da ya gane gyara shi ake son yi sai ya ƙanƙame. Dan haka ko a sunan gem ɗin kar ka sa wani abu kamar ku tausaya wa almajiri.

Ta wajen aiki kuma, kar ka taɓa kwamfuta tukuna. Ka yanka kwali ka rubuta yanayi ashirin, ka samu abokai huɗu a majalisa su buga kana gefe ka yi shiru kana kallon inda suka yi dariya da inda suka fara duba waya. In ya zauna sai ka ɗauki Twine, kyauta ne kuma dan labari mai rassa aka yi shi, in kana son motsi da zane akwai Godot shi ma kyauta kuma ba shi da nauyi. Ka yi shi ƙarami, mai aiki ba data, wanda za a tura ta Xender, ka sa murya da Hausa dan ba kowa ke karanta boko da sauri ba.

TAMBAYA: Malam ni ban ga abin da ya kawo wannan dogon turanci ba. Mu da muka taso in Banufe ya shigo Katsina tsokana ce za a yi ta yi a ci a sha a rabu lafiya, Bafulatani da Babarbare haka, ba wanda ya zauna ya tsara mana. Yanzu sai Bature ya koya mana zaman lafiya da karta? Yara su je su yi karatu.
Wani dattijo, Ƙofar Sauri

AMSA: Baba Allah ya ƙara girma, ai ban ƙi taka ba, sai dai inda ka ce ba wanda ya tsara nan ne zan ɗan ja da kai cikin ladabi. Wasan barkwanci tsararre ne tsaf, magabata ne dai suka tsara ba su sa hannu a takarda ba. Ka duba dokokinsa: an san wa ke wasa da wa, Katsinawa da Nufawa, Kanawa da Zagezagi, Gobirawa da Yarbawa, taubasai a cikin dangi, kowa na da damar ramawa daidai wa daida, wanda ya yi fushi shi ya faɗi, kuma akwai haƙƙi a ciki, ga kuɗin shara da ake bi in watan cika-ciki ya zo, abokin wasanka in ya sauka garinku ba ka barinsa ya kwana da yunwa. Maƙwabtanmu na Nijar sun ɗauki abin da muhimmanci har UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya da ake karewa a 2014 da sunansu.

Abin da ke riƙe da shi shi ne ramuwar nan. Duk inda ɓangare ɗaya ne kawai ke dariya ɗayan ba shi da bakin mayarwa, to ya tashi daga barkwanci. Ko a tashe da muke yi da azumi akwai irin su Macukule da ake kwaikwayon Bagwari, mun yi muna yara mun ji daɗi, amma ba Bagwari ko ɗaya a wurin da zai rama, yaro kuma ya girma da hoton nan a kansa. Haka masu barkwancin waya na yanzu da kullum Bafulatani ne wawa ko ɗan fashi. Kenan wasa na gyarawa kuma yana ɓatawa, ya danganta da yadda aka gina shi, shi ya sa ake zama a yi tunaninsa. Sannan Baba barkwancin gado bai tanadi komai ba tsakanin ɗan gari da ɗan gudun hijira, ko mai ƙafa da gurgu, ko ɗan boko da almajiri, waɗannan sai mu mu ƙirƙiro.

In kuma tambayarka ita ce ko abin na aiki, ba zan cika baki ba. Nan kusa a Kaduna wasu masu bincike biyu, Alexandra Scacco da Shana Warren, sun yi gwaji da samari Musulmi da Kirista, aka koya masu kwamfuta na mako 16, wasu a aji gauraye wasu a aji na addini ɗaya, suka buga sakamakon a 2018. Ra'ayin da samarin ke faɗa da baki game da ɗaya ɓangaren bai canza ba. Amma da aka ba su kuɗi a ce su raba, waɗanda suka zauna a gauraye sun fi yin adalci ga wanda ba addininsu ɗaya ba in aka kwatanta da waɗanda aka ware. Ni a wurina ko wannan kaɗai aka samu ba a yi asara ba, dan mai awo da ke maka adalci a mudu ba ruwanka da abin da ke ransa.

TAMBAYA: Malam ƙungiyarmu ta matasa na shirin taron wayar da kai a kan masu buƙata ta musamman, mun shirya za mu ɗaure wa mutane ido da ƙyalle su zagaya fili su zuba ruwa a kofi dan su ji yadda makafi ke ji. Akwai abin da za mu ƙara?
Sakataren ƙungiya, Sabuwar Unguwa

AMSA: Akwai abin da za ku rage dai. Wanda aka ɗaure wa ido na minti goma ruɗewar ranar farko yake ɗanɗana, bai san komai ba game da makahon da ya shekara talatin yana zuwa masallaci da kasuwa da kansa, yana gane mutum da takunsa. Arielle Silverman, wadda ita kanta makauniya ce, ta yi wannan gwajin a jami'ar Colorado aka buga a 2015, waɗanda aka ɗaure wa ido suka fito suna ganin makafi ba za su iya aiki ko zama da kansu ba fiye da yadda waɗanda ba a ɗaure wa ba suke gani. Wato tausayin ya zo da raini a goye.

In dai sai kun ɗaure idon, to ku yi wasan da makaho ne gwani a ciki. Akwai goalball da aka ƙirƙiro a 1946 dan sojojin da suka makance a yaƙin duniya na biyu, mutum ukku-ukku ne, ƙwallon na da ƙararrawa a ciki, kowa ido a rufe, ana mirgino ta kana tarewa da jiki. Ku sa 'yan ƙararrawa ko tsakuwa a gwangwani cikin tsohuwar ƙwallo, ku je wajen sarkin makafi ku nemi matasansu su zo a matsayin masu koyarwa da kyaftin, ku biya su kamar yadda za ku biya kowane mai horarwa. Haka ƙwallon guragu da ake bugawa da hannu a kan allon taya, wadda a nan Najeriya aka ƙirƙiro ta, ku gayyato su ku hau allon ku ga yadda za su yi maku cin kaca. Kuma tun wajen shirya taron ya kamata a ce suna cikin kwamiti.

TAMBAYA: Muna so mu sa gasar ƙwallo tsakanin samarin unguwarmu da samarin Fulani da ke zaune bayan gari dan a samu fahimtar juna, kofi da kuɗi duk mun tanada. Shawara?
Mai horar da 'yan wasa, Ƙofar Ƙaura

AMSA: Koci niyya ta yi kyau amma in kuka yi ta haka, mu da su, to ku tanadi 'yan sanda, fenariti ɗaya alƙali zai hura a koma maganar shanu da gona. A Indiya wani mai bincike Matt Lowe ya shirya gasar kurket ta wata guda a jihar Uttar Pradesh da samari fiye da 1,200 daga jinsunan da al'adarsu ta fifita wasu kan wasu, sakamakon da ya fito a 2021 ya nuna waɗanda suka buga a tim ɗaya da wani jinsi sun ƙulla abota da su, waɗanda kuma karawa kawai suka yi da su abin baya ya ja. A arewacin Iraki ma Salma Mousa ta yi da ƙwallon ƙafa bayan ɓarnar ISIS, ƙungiyoyin Kiristoci ne aka ƙara wa wasu 'yan wasa Musulmi ukku wasu kuma Kiristoci ukku, aka buga wata biyu. Waɗanda suka buga da Musulmi sun fi yarda su ci gaba da atisaye da su har bayan wata shida, sun fi zaɓen Musulmi a kyautar ɗan wasa mai ladabi, amma a wajen fili, kamar zuwa cin abinci a Mosul, birnin da Musulmi suka fi yawa, ko taron da baƙin fuska ne, ba a ga wani canji sosai ba. Dan haka kar ku yi wa masu ba da kuɗi alkawarin gasa za ta kawo ƙarshen rikici.

Ku zuba sunayen duka a hula biyu ku riƙa jawowa ɗaya nan ɗaya can har kowace tim ta cika, kar a bar mutum ɗaya tilo a cikin goma dan zai zama bare, aƙalla ukku ko huɗu. Sunan tim kar ya zama na unguwa ko na ƙabila, riga iri ɗaya, kyaftin da mataimaki ɗaya daga nan ɗaya daga can, kuɗin kyauta a raba daidai har da 'yan benci. Ku sa dokar cewa kowa sai ya buga aƙalla rabin lokaci, in ba haka ba za ku tarar an jera baƙin a benci ana ce masu sai an dawo hutu. Atisaye ya fi wasan kansa muhimmanci dan a nan ake hira, ku yi shi sau biyu a mako, wani a filinku wani a nasu, ku kuma duba lokacin da ba zai ci karo da fita kiwo ba. Alƙalin wasa ku ɗauko shi daga wata unguwar daban, kuma kafin a buga ko wasa ɗaya ku je ku gaida mai unguwa da arɗo ku zaunar da su a benci ɗaya ranar buɗewa.